Gida Biyu Maganin Gobara: Shirin Iyali Tun Ana Zaune Lafiya

Sharhinmu na yau a kan gida yake, gidan mai albashi da na manomi, gidan ɗan kasuwa da na mai facin taya. Tambaya ɗaya za mu riƙe daga farko har ƙarshe. Idan gari ya waye banki bai ba da kuɗi ba, kasuwa ba ta ci ba, waya kuma babu sabis, kwana nawa tukunyar gidan nan za ta ci gaba da hawa murhu?

Duk wanda ya ga watan Fabrairun 2023 a Najeriya ya san tambayar nan tana da tushe. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka ce kowa ya mayar da tsofaffi banki. Mutane suka mayar. Sababbin kuma suka yi wuyar gani. Tun kafin kiran assalatu ake kama layi a bakin ATM. Masu POS suka koma sayar da naira da naira. A yi taransifa, kuɗi su bar asusun mai saye, su ƙi isa na mai sayarwa, a tsaya ana kallon juna. Mai tumatir a ƙauye ba shi da asusun banki, sai kayansa suka ruɓe a kwando. Mai miliyan a ajiye ya kasa sayen koko da ƙosai. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, sannan aka fara samun sauƙi.

A lura da abu ɗaya, jama'a. A wancan lokacin abinci bai ƙare a ƙasa ba. Kasuwar Dawanau a Kano cike take da hatsi. Hanyar da ke tsakanin mutum da abincinsa ce ta yanke. Gidajen da suka fi jin jiki su ne waɗanda komai nasu ta ƙofa ɗaya yake shigowa: albashi ya faɗa banki, a cira a ATM, a yi cefanen ranar. Da aka rufe ƙofar nan, shi ke nan.

To, nan ne zancenmu ya tsaya. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. Kada abin da iyali suka dogara da shi ya taru wuri guda. Kuma wannan shiri tun ana zaune lafiya ake yin sa.

Kafin mu shiga cikin gida, bari mu leƙa waje kaɗan, don a ga yadda tattalin arziki ke durƙushewa. A Zimbabuwe, tsadar kaya ta kai inda a farkon 2009 aka buga takardar kuɗi guda ta dala tiriliyan 100, amma ba ta cika kwandon cefane. Wanda ya yi shekara talatin yana tara kuɗin fansho ya wayi gari da takardu marasa amfani. A Labanon kuwa, daga ƙarshen 2019 bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cira daga ajiyarsa. Abin ya kai wasu na kutsawa banki da makami, suna neman kuɗin da su da kansu suka ajiye. A Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa, yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Bankunan Khartum suka rufe. Mutane suka koma biyan kuɗi ta manhajar waya mai suna Bankak. Da layukan sadarwa suka ɗauke a farkon 2024, ita ma ta tsaya.

Ƙasa uku, sanadi uku. Ɗaya kuɗi ne suka mutu, ɗaya banki ne ya riƙe, ɗaya yaƙi ne. Amma a cikin gida abin da aka gani iri ɗaya ne. Uwar gida ta duba ɗakin ajiya, mai gida ya duba aljihu.

Yanzu sai mu shigo gida. Mu fara da abinci, domin shi ne gaba da komai.

Kakanninmu ba su taɓa wasa da wannan ba. Sun ga yunwar Kakalaba a 1914. Na bayansu sun ga farin 1973, da na 1984, wanda har yau a wasu yankunan Nijar ake kiran yunwarsa El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Shi ya sa a da ake auna magidanci da rumbunsa. Ana zuba gero da dawa a dami, da zangarniyarsu, domin hatsin da ba a sussuka ba ya fi jure ƙwari. Musulmi da Kirista duk sun san labarin Annabi Yusuf, wanda ya shirya wa Masar shekara bakwai ta fari tun a shekarun yalwa. A Alƙur'ani har an ambaci barin hatsi a zangarniyarsa. Dabara ce da manomin ƙasar Hausa ya san ta a aikace.

Yau da yawanmu a birni muke, a gidan haya, babu filin gina rumbu. Amma lissafin bai canza ba. Hatsi ya fi araha da kaka, lokacin da sabon amfani ya cika kasuwa. Ya fi tsada a tsakiyar damina, lokacin da tsoho ya ƙare sabo bai nuna ba. Magidancin da ya sayi buhu ɗaya a Nuwamba ya sauke wa kansa nauyin Yuli. Wanda ba shi da kuɗin buhu, ya haɗa hannu da maƙwabta uku ko huɗu, su saya a sari su raba da tiya. Wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa, akwai dabarar iyayenmu mata. Duk ranar da za a ɗora tukunya, a ɗebi cikin hannu ɗaya a zuba a wani mazubi daban. Ba a jin raguwarsa a tuwo. Bayan wata biyu ko uku sai a tarar da abincin kwanaki.

Me za a ajiye? Abin da gidan ke ci. Gero, dawa, masara, wake, shinkafa in da hali, da garin kwaki. Sai kayan miya masu jure ajiya: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, busasshen tumatir, ganyen zogale da aka shanya a inuwa. Sai gishiri, kanwa, man gyaɗa ko manja, ƙuli-ƙuli, sukari da ashana. Mata sun fi kowa sanin wannan fanni. Gidan da mai gida ya yi shirin shi kaɗai bai shawarci uwar gida ba, zai tara hatsi ya manta da abin miya.

Ga gargaɗi a nan, kuma a saurara da kyau. Ajiya mara kyau asara ce, wani lokaci ma cuta ce. Hatsin da bai bushe ba yana yin fumfuna. Fumfunar masara da gyaɗa tana fitar da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Akwai gwaji mai sauƙi. A samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi kaɗan da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Kada a ajiye buhu a ƙasa kai tsaye. A ɗora shi a kan katako, a nesanta shi da bango.

Sai batun ƙwari, musamman a wake. Wasu na zuba maganin feshi irin su Sniper a cikin buhu. Wannan guba ce ake ciyar da iyali. Saboda irin wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Akwai hanyar da ba ta buƙatar magani ko kaɗan. Buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da masu bincike a arewacin Kamaru, leda biyu ce a ciki, buhu ɗaya a waje. A ɗaure kowace leda daban, a matse iska. Ƙwarin da ke ciki sai su mutu saboda rashin iska. Jarka mai tsabta da murfi mai kamawa ita ma tana wannan aiki, in an cika ta har wuya. Sharaɗin ɗaya ne: kada a riƙa buɗewa kullum.

Kuma a riƙa ci ana mayarwa. Tsohon buhu a fara cinyewa, sabo ya koma baya.

Wani zai ce, to ai wannan ɓoye abinci ne, abin da addini ya hana. Malamai sun bambance su. Ɓoye kaya shi ne ɗan kasuwa ya kwashe abin da jama'a ke buƙata, ya kulle a sito yana jiran ya yi tsada. Tanadin abincin iyali kuwa halal ne. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan ware wa iyalinsa abincin shekara. Don haka tanadi bai saɓa wa tawakkali ba. Kuma ga darasi daga 2025. Farashin masara da wasu hatsi ya faɗi, waɗanda suka cika sito don jiran riba suka tafka asara. Wanda ya saya don tukunyar gidansa bai rasa komai ba, domin abincinsa ya ci.

Wannan ke nan game da abinci. Yanzu mu juya ga kuɗi.

Kuɗi na da hanyoyi biyu na yaudarar mai su. Ko su maƙale a inda ba za ka iya taɓa su ba, ko su narke suna hannunka. Na farko mun gani a Fabrairun 2023. Na biyu ya biyo baya ba da jimawa ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Darajar naira ta faɗi. A farkon 2024 mata masu gurasa suka yi zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa. Gidaje da dama suka koma cin afafata, shinkafar da a da masu casa ke warewa gefe. Albashi yana nan yadda yake, amma abin da yake saye ya ragu da yawa.

Mene ne maganin? Rarrabawa. Gida biyu maganin gobara.

Kashi na farko, tsabar kuɗi a gida, gwargwadon cefanen mako ɗaya ko biyu da kuɗin mota zuwa asibiti. A nemi ƙananan takardu, domin ranar ƙunci canji ne ke wuya. Kada ya yi yawa. Kuɗi masu yawa a ɗaki na gayyato ɓarawo, ga gobara, ga gara. Kuma gwamnati na iya sauya kuɗi, kamar yadda aka yi a Afrilun 1984 aka sake yi a 2022. A duka lokutan biyu, masu binne kuɗi a tukunya sun sha wahala.

Kashi na biyu, banki. Amma in da hali, kada ya zama banki ɗaya. A watan Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna. Masu ajiya a Heritage da ke da wani asusu a wani banki mai haɗe da lambar BVN ɗinsu, ta nan aka tura wa da yawansu kuɗinsu. Asusu na biyu, ko na matar gida, yana da rana.

Kashi na uku, dukiyar da ba takarda ba. Akuya, tunkiya, kaji, ɗan kunnen gwal, keken ɗinki, injin markaɗe. Matan karkara sun daɗe da gane wannan. Akuya na haihuwa, farashinta na tafiya tare da tsadar kaya, kuma ranar da yaro ya kwanta ciwo ana iya kai ta kasuwa. Ita ma tana da haɗarinta, akwai cuta akwai sata, don haka a yi mata rigakafi, kada kuma a zuba komai a kanta.

A nan akwai ramuka biyu da ya kamata a kauce musu. Na farko, masu alkawarin ninka kuɗi. Lokacin tsanani ne kasuwarsu ke ci. MMM ya rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ya rushe a Afrilun 2025 da dukiyar jama'a. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda kana kwance, kuɗin wani zai ba ka, har ranar da naka za a ba wani. Rami na biyu shi ne bashi mai ruwa, da sayar da amfanin gona tun yana tsaye. Gidan da bashi ya yi wa katutu, ko iska kaɗan ta kaɗa sai ya faɗi. Rage bashi shi ma tanadi ne.

Sai kuma sana'a. Gidan da mutum ɗaya ke nema goma na ci yana cikin haɗari, ko da albashin mai kauri ne. Ma'aikatan jihohi da dama sun ga watannin da albashi bai zo ba. Ɗinki, saƙa, kiwon kaji, gyaran waya, ɗan lambu a bayan gida ko a buhunan ƙasa, kowanne ƙofa ce ta biyu.

Masu sauraro, mun yi abinci, mun yi kuɗi. Mu taɓo ruwa da lafiya da wuta a gurguje.

Mutum na iya jure yunwa na kwanaki, amma ƙishirwa ba ta jira. Hukumomin agaji na ƙiyasta cewa kowane mutum na buƙatar aƙalla lita 15 a rana don sha da girki da tsabta. Ke nan jarka ɗaya ba ta kai wa mutum biyu kwana guda. A samu randa ko duro mai murfi, a riƙa sabunta ruwan. Bayan ambaliya, rijiyoyi na gurɓata, amai da gudawa na biyo baya. A tafasa ruwan sha. Kowace uwa ta san haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ana hanyar asibiti. Wannan haɗin ya ceci yara masu ɗimbin yawa a duniya.

Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai asma, mai farfaɗiya, kada ya bari sai ƙwayar ƙarshe. Ya nemi shawarar likita ya riƙe na 'yan makonni a gaba. Mai juna biyu kuma a san tun da wuri wa zai kai ta asibiti da dare, da wace mota, da wane kuɗi.

Wuta fa? A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Injinan niƙa suka tsaya, ruwan famfo ya ɗauke, cajin waya ya zama abin nema. Ƙaramar fitila mai sola, tocila, da gawayi ko itace na 'yan kwanaki suna rage wahala. Amma a ji wannan: kada a tara fetur a cikin gida. Kada a kunna janareto a ɗaki ko a lungun da iska ba ta ratsawa, hayaƙinsa ya kashe iyalai suna barci. Rediyo mai batir kuma kada a raina shi. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, shi ne ya rage wa mutane da yawa hanyar jin abin da duniya ke ciki.

Yanzu ga wani juyi a zancen. Duk abin da muka faɗa na wanda zai zauna a gidansa ne. Akwai ranar da gidan ne za a bari.

Daren 9 ga Satumbar 2024, wayewar 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Ruwa ya shiga Maiduguri mutane na barci. Ya mamaye unguwar Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya taɓa fadar Shehu da asibitin koyarwa. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Ranar 29 ga Mayun 2025 kuma, da asuba, ruwa ya afka wa Mokwa a Jihar Neja, ya ci rayuka sama da 150. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A irin wannan dare buhun hatsi ba ya ɗaukuwa. Abin da hannu zai iya ɗauka cikin minti biyu shi ne naka.

Don haka kowane gida ya tanadi jaka guda, a rataye ta inda kowa ya sani. A ciki a sa takardun gida da na gona, takardun makaranta, katin ɗan ƙasa, katin asibiti, duk a naɗe cikin leda. A ɗauki hotonsu a waya, a tura wa wani ɗan'uwa amintacce a wani gari. A ƙara tocila, maganin da ake sha kullum, 'yan kuɗi, da takarda mai lambobin waya da aka rubuta da biro, domin waya na iya faɗawa ruwa. Yaro mai wayo ya haddace lambar mahaifinsa ko mahaifiyarsa. A yi magana tun yanzu: in an rabu, a ina za a haɗu? Wa zai ɗauki jariri? Wa zai kama hannun tsohuwa? Wace hanya ce ke hawa tudu?

Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA na fitar da gargaɗi kan wuraren da ake fargabar ambaliya. Idan aka ambaci yankinku, a ɗauka da gaske. Idan hukuma ta ce a tashi, a tashi. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Mun zo ga ɓangare na ƙarshe, kuma shi ya fi sauran nauyi. Jama'a.

A wasu ƙasashe, masu irin wannan shiri kan tara gwangwanayen abinci su kulle ƙofa, kowa ta kansa. Abin da aka gani a Sudan ya nuna wata hanya. Da gwamnati ta watse a unguwannin Khartum da Omdurman, matasa suka kafa ɗakunan agajin gaggawa. Aka dasa manyan tukwane da ake kira takaya. Mai wake ya kawo, mai itace ya kawo, 'yan'uwa na ƙasashen waje suka turo abin da ya samu. Da tukwanen nan mutane masu yawan gaske suka rayu. A Nijar kuma, musamman bayan yunwar 2005, ƙauyuka da dama sun ƙarfafa bankunan cimaka. A sayi hatsi da kaka a ajiye a sito na gari, a sayar wa 'yan gari da rahusa lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Inda aka samu riƙon amana, sun yi amfani ƙwarai.

Mu ma muna da namu. Akwai adashi, akwai gayya, akwai zakka da ciyayya, akwai kwanon da ake miƙa wa maƙwabci ta katanga. A kullen korona na Afrilun 2020 a Kano, wanda ya haɗu da azumi, wannan kwanon ne ya riƙe gidaje da yawa na masu neman na yau da na gobe. Mai shagon unguwa da ya san ka da biyan bashi zai ba ka a rubuta ranar da taransifa ta ƙi tafiya. Maƙwabcin da ka gaisar a asibiti shi zai buga maka ƙofa in ya ji ƙarar ruwa. Mutunci da zumunci ajiya ce da faɗuwar naira ba ta taɓawa.

Akwai mai sauraronmu yanzu da ke cewa a ransa, ni da ban san abin da za a ci gobe ba, ina ni ina tanadi? Maganarsa gaskiya ce, kuma babu mai ɗora masa laifi. Nauyin daidaita farashi, da cika rumbunan gwamnati, da gyara madatsun ruwa, da tsare hanyar gona, yana wuyan hukuma. Shirin gida bai sauke mata wannan nauyi ba, kuma haƙƙin jama'a ne su ci gaba da tambaya. Amma a duba abubuwan da muka lissafa. Naɗe takardu a leda ba ya cin kuɗi. Haddace lambar waya kyauta ne. Sanin hanyar tudu, cika randa, koyon haɗin gishiri da sukari, gyara tsakaninka da maƙwabci, duk ba a biyan ko sisi. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da waɗannan. Mai hali kuma, in zai sayi buhunsa, ya tuna da gidan da ke jikin katangarsa.

To jama'a masu sauraro, ga roƙonmu gare ku. Yau da dare, bayan an ci abinci, mai gida da uwar gida ku zauna, ku kira manyan yara. Ku duba abin da ke ɗakin ajiya, ku ƙiyasta kwana nawa zai kai ku. In kwana biyu ne, ku sa niyyar mayar da shi mako guda kafin ƙarshen wata. Ku zaɓi abu ɗaya daga cikin abin da kuka ji, ku yi shi a wannan makon. Mako mai zuwa ku ƙara wani. Ku kuma isar da zancen ga maƙwabcin da bai samu saurare ba.

Allah ya kare mu daga fari da ambaliya da tashin hankali. Allah ya sa albarka a abin da muke da shi, ya yalwata wa wanda ba shi da shi.